Tiyatar gyaran ƙasusuwan tsakiyar kunne karo na biyu: Dalilanta, haɗarinta da abin da majiyyaci zai sa rai

Tiyatar gyaran ƙasusuwan tsakiyar kunne karo na biyu aiki ne da likitan kunne, hanci da maƙogwaro ke yi wa wanda aka taɓa yi wa tiyatar dawo da ji, amma jin bai dawo ba, ko kuma ya dawo na ɗan lokaci ya sake dusashewa. Likitoci na kiran gyaran waɗannan ƙasusuwa osikulofilasti, idan kuwa an haɗa shi da facin dodon kunne sai su ce timfanofilasti. Aikin na biyu ya fi na farko wuya a hannun likita, sakamakonsa kuma bai cika kai na farko ba, don haka ba kowane kunnen da aikin farko ya ƙi ake sake buɗewa ba.

Ga mazauna Sunkani, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ardo Kola a Jihar Taraba, da ƙauyukan da ke kewaye da ita, batun ya wuce na ɗakin tiyata kaɗai. Mai ciwon kunne daga wannan yanki yakan fara da asibitin garinsu, daga nan a tura shi Jalingo, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha. Idan aikin ya buƙaci kayan da ba a samu a kusa ba, sai tafiya ta miƙa zuwa asibitocin koyarwa na Yola, Gombe, Jos, Maiduguri, Kano, Zariya, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Wanda ya taɓa sayar da buhunan masara ko ɗan sa ya yi wannan tafiya sau ɗaya, yana da haƙƙin sanin abin da tafiya ta biyu za ta iya haifarwa kafin ya sake ɗaura niyya.

Guduma, uwar maƙera da likkafa

Kunne kashi uku ne. Akwai na waje, wato fatar kunne da ramin da ya kai ga dodon kunne. Akwai na tsakiya, ɗan ƙaramin ɗaki mai cike da iska a bayan dodon kunne. Sai na ciki, inda wata gaɓa mai siffar katantanwa take, cike da ruwa, ita ce ke mayar da motsin sauti saƙon da jijiyar ji ke kai wa ƙwaƙwalwa.

A cikin ɗakin tsakiya ne ƙasusuwan nan uku suke a jere, kowanne riƙe da ɗan'uwansa. Masana na dā sun raɗa musu sunaye da Latin bisa kamanninsu, sunayen kuma sun dace da abubuwan da Bahaushe ya sani sarai: guduma, uwar maƙera da likkafa. Guduma na manne da dodon kunne. Uwar maƙera na tsakiya, tana da wani dogon hannu siriri da ya sauko ya kama kan likkafa. Likkafa kuwa, wadda ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan'adam, tsawonta kimanin milimita 3, tana zaune da tafinta a kan wata 'yar taga da ke buɗewa zuwa kunnen ciki.

Amfanin wannan jeri shi ne ƙarfafa sauti. Sautin da ke tafiya a iska, idan ya bugi ruwa kai tsaye, kusan dukkansa komawa baya yake yi; shi ya sa mai nutso a Kogin Binuwai ba ya jin kiran wanda ke bakin gaɓa. Faɗin dodon kunne ya ninka tafin likkafa kusan sau 17, ƙasusuwan kuma suna ƙara ɗan ƙarfi saboda yadda aka jera su, sai matsin sautin ya ninku fiye da sau 20 kafin ya isa ruwan katantanwa. A ma'aunin ji, wannan ya kai kimanin desibel 25 zuwa 30. Idan jerin ya tsinke alhali dodon kunne na nan lafiya, asarar na iya kaiwa desibel 60, domin a lokacin dodon kunnen ya zama garkuwa mai tare sauti. Mai irin wannan kunne ba ya kama hirar yau da kullum da shi sai an ɗaga murya sosai.

Abin da ke lalata su

A Najeriya babban sanadin lalacewar waɗannan ƙasusuwa shi ne daɗaɗɗen ciwon kunne mai zubar da mugunya. Yakan faro tun ƙuruciya, bayan mura ko ƙyanda, dodon kunne ya fashe, ruwa ya riƙa zuwa yana ɗaukewa shekara da shekaru. A gidaje da yawa ba a ɗauke shi ciwo ba, tunda ba ya hana yaro wasa, sai a ce zai bari idan ya girma. A cikin waɗannan shekarun ne kumburi ke cin ƙashi a hankali. Dogon hannun uwar maƙera ne kan fara tafiya, saboda jinin da ke isa gare shi kaɗan ne, daga nan sai ƙafafun likkafa. Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar a 2004 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 65 zuwa 330 ne ke fama da kunne mai zuba a duniya, kuma kashi 60 cikin 100 nasu jinsu ya ragu sosai.

Mafi munin nau'in wannan ciwo shi ne kolestiyatoma. Duk da sunansa, ba sankara ba ne. Fata ce ta dodon kunne ke lotsawa ciki ta yi aljihu, matacciyar fata ta riƙa taruwa a aljihun, yana girma yana narkar da duk ƙashin da ya taɓa. Alamarsa da aka fi sani ita ce ruwa kaɗan mai tsananin wari wanda ba ya jin magani. Idan aka bar shi yana iya kaiwa ga jijiyar fuska, ko gaɓar daidaita tsayuwa, ko lulluɓin ƙwaƙwalwa.

Rauni ma na raba ƙasusuwan: haɗarin babur, faɗuwa daga itace, mari mai ƙarfi, ƙarar fashewar wani abu, ko sakace kunne da tsinken tsintsiya, ashana ko gashin kaza. Akwai kuma cutar otosikilerosis, inda sabon ƙashi ke tsirowa ya daskarar da tafin likkafa. Ta fi kama mata, ta fi yawa a tsakanin Turawa, ba ta cika samun baƙar fata ba. Maganinta wata tiyata ce ta daban da ake cire saman likkafa a sa ɗan sanda madadinsa, ita ma wani lokaci sai an sake ta.

Kurumtar da tiyata ba ta gyarawa

Wajibi ne a bambanta wannan matsala da wata mai kama da ita. Gyaran ƙasusuwa na amfani ne kawai idan kunnen ciki da jijiyar ji suna aiki. Wanda sanƙarau ko hangum ya kurumta, ko wanda allurai irin su jentamaisin suka lalata masa katantanwa, ko wanda ƙarar injin niƙa ta cinye masa ji a tsawon shekaru, ko tsohon da jinsa ya ragu saboda shekaru, duk ba su cikin waɗanda wannan aiki zai taimaka.

Wannan bambanci na da nauyi a Taraba, domin jihar na cikin waɗanda zazzaɓin Lassa ke yawan ɓulla a lokacin rani. WHO ta ce kimanin ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke daga cutar sukan samu raunin ji, kuma kusan rabin waɗannan jinsu kan dawo wani ɓangare bayan wata ɗaya zuwa uku. Kurumtar Lassa ta kunnen ciki ce. Duk wanda ya karɓi kuɗin irin wannan majiyyaci da sunan zai gyara masa ƙasusuwan kunne, ko dai bai yi gwaji ba, ko kuma bai faɗi gaskiya ba.

Yadda aikin ya samo asali

Tiyatar tsakiyar kunne ba ta yiwu da ido tsirara. Likitan ƙasar Suwidin, Carl Olof Nylén, ne ya fara amfani da madubin ƙara girman gani a aikin kunne a 1921, kamfanin Zeiss na Jamus kuma ya fitar da maikuroskof na tiyata irin na zamani a 1953. A shekarun 1950 likitocin Jamus biyu, Horst Wullstein da Fritz Zöllner, suka kafa tubalin timfanofilasti; kafin su burin likita shi ne kunne ya bushe majiyyaci ya tsira da ransa, ji kuwa a bar wa Allah. A 1956 John Shea na birnin Memphis a Amurka ya cire daskararriyar likkafa ya sa madadi na roba nau'in Teflon, jin majiyyaciyar ya dawo. A 1957 Hall da Rytzner suka ba da rahoton amfani da ƙashin majiyyacin kansa wajen sake haɗa jerin.

Daga nan aka gwada abubuwa iri-iri. An yi amfani da ƙasusuwan mamata da aka adana, aka bar su a ƙarshen shekarun 1980 saboda tsoron yaɗa cuta mai karya garkuwar jiki da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa. An gwada robobi masu ƙofofi, da yawa jiki ya tofar da su. A farkon shekarun 1980 aka kawo haidiroksiafatait, sinadari irin wanda ƙashi ya ƙunsa, sannan a shekarun 1990 aka fara amfani da ƙarfen taitaniyom a Jamus, wanda a yau shi ne aka fi sawa. Madadin ƙashi iri biyu ne: gajere, da ake kira PORP, wanda ake ɗorawa a kan likkafa idan samanta na nan, da dogo, TORP, wanda ke tsayawa a kan tafin likkafa kai tsaye idan saman ya lalace.

Me ya sa aikin farko kan ƙi

Likita mai gwaninta yakan fara gane dalili daga labarin majiyyaci tun kafin ya leƙa kunnen. Idan ji bai taɓa ƙaruwa ba tun ranar da aka cire auduga, mai yiwuwa madadin ya yi gajarta, ko bai zauna daidai ba, ko akwai wani ƙashi da ya daskare ba a lura da shi ba, kamar kan guduma ko tafin likkafa. Idan ji ya dawo da kyau sannan ya ɗauke rana ɗaya, musamman bayan bugu a kai ko fyace hanci da ƙarfi, alama ce madadin ya goce daga mazauninsa. Idan yana zuwa yana tafiya, ya ƙaru in an haɗiyi miyau ya ragu bayan ɗan lokaci, madadin na da sako-sako. Idan kuwa a hankali ya riƙa raguwa cikin watanni ko shekaru, zargi na komawa kan tabo da ya ɗaure ƙasusuwan, ko dodon kunne da ya lotsa, ko kolestiyatoma da ya dawo.

Wani lokaci jiki ne ke turo madadin waje ta cikin dodon kunne, har majiyyaci ya tsinci ɗan ƙarfe a kan auduga. Don hana haka ne likitoci ke shimfiɗa siririn guringuntsi tsakanin kan taitaniyom da dodon kunne. A tiyatar likkafa kuma, wayar da aka naɗa a hannun uwar maƙera na iya cin hannun a hankali har ya tsinke.

Sai dai mafi yawan gazawa ba daga madadin take ba, daga ɗakin da aka sa shi take. Tsakiyar kunne na samun iska ne ta wani siririn bututu da ya haɗa ta da bayan hanci, wanda ke buɗewa idan an haɗiyi miyau ko an yi hamma. Wanda bututunsa bai aiki da kyau tun yana yaro, shi ne ya kamu da ciwon tun farko, tiyata kuma ba ta canza masa bututu. Iska ta ƙare a ɗakin, dodon kunne ya faɗa ciki, ya danne madadin ko ya karkatar da shi. Wannan ne ya sa ma'aunan da likitoci suka ƙirƙira don hasashen sakamako, irin wanda Kartush ya wallafa a 1994 da na Dornhoffer da Gardner na 2001, suke duba zubar ruwa, lafiyar fatar cikin ɗakin, kasancewar guduma, da kuma ko an taɓa yin tiyata a kunnen. A dukkansu, tiyatar baya maki ce da ke rage fata. Shan taba ma na cikin abubuwan da ke ɓata sakamako.

Akwai aiki na biyu da ba gazawa ba ne. A kolestiyatoma, likitoci da yawa kan raba aikin gida biyu da gangan: a karon farko a kwashe cutar a faci dodon kunne, bayan wata 6 zuwa 12 a sake buɗewa a duba ko wani ɓurɓushi ya saura, sannan a haɗa ƙasusuwan a ɗaki mai tsabta da iska. Majiyyacin da ba a yi wa wannan bayani ba yakan ɗauka likita ya kasa, ya ƙi komawa, cutar kuma ta ci gaba da girma a ɓoye bayan dodon kunne mai kyan gani. A manyan cibiyoyi wani nau'in hoton MRI na musamman ya rage buƙatar sake buɗewa don dubawa kawai, amma ba ko'ina ake samunsa ba.

Gwaje-gwaje kafin yanke shawara

Ana fara wa da duba kunnen a ƙarƙashin maikuroskof ko siririn madubi mai kyamara, a tsotse dauɗa da mugunya. Sai gwajin ƙarfe mai baki biyu da ke kaɗawa, wanda ake ɗorawa a goshi da bayan kunne. Babban gwaji shi ne na na'urar auna ji a ɗaki marar hayaniya, inda ake auna ji ta hanya biyu: ta iska da abin sawa a kunne, da ta ƙashi da wani maɓalli da ake dannawa a bayan kunne. Ji ta ƙashi na nuna ƙarfin kunnen ciki. Tazarar da ke tsakanin layukan biyu a takardar gwaji ita ce abin da tiyata za ta iya cikewa, ba za ta wuce nan ba. Hoton CT na ƙashin kunne na nuna inda madadin yake, da ko akwai iska a ɗakin, da yanayin ƙashin da ke rufe jijiyar fuska.

Idan ba kolestiyatoma ko wata matsala ta gaggawa, likitoci kan jira aƙalla wata shida bayan aikin farko, domin kumburi ya sauka ji ya tsaya wuri ɗaya, kuma sun fi son kunne ya bushe kafin a shiga.

Abu guda da ke hannun majiyyaci, wanda kuma aka fi sakaci da shi, shi ne takardun aikin farko. Likita na biyu na buƙatar sanin abin da na farko ya tarar, me ya cire, me ya sa, wane iri ne kuma wane tsawo. Waɗanda aka yi wa aiki a Indiya ko Masar, ko a wani shirin tiyata kyauta da likitocinsa suka zo suka koma, sukan iso hannu rabbana, likita ya shiga kunnen kamar mai shiga ɗaki cikin duhu. Takardar sallama, bayanin tiyata da takardun gwajin ji na kafin aiki da bayansa sun cancanci a adana su tare da takardun gona. Bayanin irin ƙarfen da aka sa na da amfani kuma idan wata rana aka buƙaci hoton MRI. Taitaniyom ba ya hana shi.

Yadda ake yin aikin

Yawanci ana yin sa da allurar barci, ko da yake a tiyatar likkafa wasu likitoci sun fi son kashe wurin kaɗai, domin majiyyaci ya faɗa musu nan take idan ji ya ƙaru ko jiri ya taso. Ana shiga ta ramin kunne, ko ta tsaga a bayan kunne idan za a taɓa ƙashin da ke can. A ɗaga dodon kunne kamar murfi, a yanke tabon da ya ɗaure, a taɓa kowane ƙashi a ga ko yana motsi, sannan a yanke shawarar abin da za a sa. Aikin kan ɗauki awa ɗaya zuwa uku.

Idan uwar maƙera na nan kuma cuta ba ta shige ta ba, ana iya ciro ta a sassaƙa ta da ɗan injin haƙa a mayar da ita tsakanin guduma da likkafa. Wannan hanya na da daraja a ƙasa irin Najeriya, inda madadin taitaniyom daga waje ake sayo shi da kuɗin ƙetare: ƙashin mutum ba a saya, jiki kuma ba ya tofar da shi. Matsalar ita ce a aiki na biyu sau da yawa an riga an yi amfani da ita ko an jefar. Sai a koma ga kan guduma, ko guntun ƙashin bayan kunne, ko guringuntsin fatar kunne, ko madadin kanti. Idan giɓin da ke hannun uwar maƙera ƙarami ne, ana iya cike shi da wani simintin ƙashi na musamman. Likitoci da yawa a aiki na biyu sukan ƙarfafa dodon kunnen da guringuntsi, domin ya fi jure lotsawa.

Haɗari da sakamako

Tabo na ɓoye alamomin da likita ke bi, don haka duk haɗarin aikin farko yana ƙaruwa a na biyu. Jijiyar ɗanɗano na ratsa tsakiyar kunne, taɓa ta na sa ɗanɗanon ƙarfe ko rashin ɗanɗano a gefen harshe, wanda galibi kan wuce cikin watanni. Jijiyar da ke motsa fuska na bi ta saman likkafa, rauninta na karkatar da baki ya hana ido rufuwa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ya fi yiwuwa inda cuta ko aikin baya ya kware ƙashin da ke rufe ta. Akwai jiri, ƙugin kunne, sabon rami a dodon kunne, da dawowar zuba. Mafi girma shi ne mutuwar kunnen ciki gaba ɗaya, wadda ba ta da gyara. A tiyatar likkafa ta farko ana ƙiyasta ta da kusan ɗaya cikin 100, a ta biyu kuma ta fi haka. Saboda wannan ne likitoci ke matuƙar ɗari-ɗari da taɓa kunnen da shi kaɗai mutum ke ji da shi.

Ma'aunin nasara da aka fi amfani da shi shi ne tazarar nan ta ragu zuwa desibel 20 ko ƙasa. A aikin farko, kusan biyu cikin uku na masu likkafa lafiyayya kan kai wannan matsayi, idan kuwa sai da dogon madadi, adadin na sauka zuwa wajen rabi ko ɗan sama. Aiki na biyu na ƙasa da haka, na uku ya fi ƙasa, kuma sakamakon da aka auna bayan shekara biyar bai kai na bayan wata shida ba.

Nasarar takarda kuma daban take da abin da mutum ke ji a kasuwa. Likitoci biyu a Belfast, Smyth da Patterson, sun fito da wata ƙa'ida a 1985: majiyyaci zai ji amfanin aiki ne idan kunnen da aka gyara ya kai desibel 30 ko mafi kyau, ko kuma ya matso kusa da ɗaya kunnen da tazarar da ba ta wuce desibel 15 ba. Ma'ana, wanda ɗaya kunnensa ke lafiya garau, aka ɗaga masa mai ciwon daga desibel 60 zuwa 45, likita zai rubuta an samu ci gaba, shi kuwa zai ce bai ga bambanci ba, kuma duk su biyun gaskiya suka faɗa. Wanda kunnuwansa biyu suka raunana shi ne ya fi cin moriyar aikin. Tambayar da ta kamata majiyyaci ya yi ita ce matakin da likita ke sa ran kunnen zai kai, da yadda zai kasance idan aka gwada shi da ɗaya kunnen, da kuma sau nawa likitan ke yin irin wannan aiki a shekara.

Idan ba a yi tiyata ba

Ga busasshen kunne marar kolestiyatoma, aiki na biyu zaɓi ne, ba dole ba. Na'urar ƙara ji na aiki sosai ga mai matsalar tsakiyar kunne, domin kunnen cikinsa lafiya yake, ƙarfin sauti kawai yake nema. Wahalarta ita ce batir, gumi, ƙura, da toshe kunnen da kan tayar da zuba. Akwai na'urar da ke tura sauti ta ƙashin kai, wadda aka fara dasawa a Gothenburg ta Suwidin a 1977, amma tsadarta ta fi ƙarfin yawancin iyalai. Kolestiyatoma kuwa ba shi da wannan zaɓi: ana cire shi ne don tsaron rai, ko ji zai ƙaru ko ba zai ƙaru ba.

Ƙarancin ƙwararru na cikin lissafin. Rahoton ji na duniya da WHO ta fitar a watan Maris na 2021 ya nuna mutum fiye da biliyan 1.5 na da raunin ji, miliyan 430 daga cikinsu na buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 78 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da likitan kunne ko ɗaya ga kowane mutum miliyan guda. Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyar Kaduna a 1999 domin jinya da horar da ma'aikata, amma daga Sunkani zuwa Kaduna tafiyar wuni guda ce a mota, aikin kuma na buƙatar komawa sau da dama. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga 'yan ƙasa. Mai rajista ya tambaya tun da wuri ko tsarinsa ya ɗauki tiyatar da kuɗin madadin, kuma ya karɓi takardar turawa kafin ya kama hanya.

Bayan an fito

Makonnin farko ne madadin ya fi saurin gocewa, kafin nama ya kama shi. Ana hana fyace hanci, atishawa a yi ta baki buɗe, a guji ɗaukar kaya mai nauyi, noma, daka da yunƙuri, haka ma doguwar tafiya a babur kan hanya mai gargada. Ruwa kada ya shiga kunnen: a toshe shi da auduga mai man Vaseline lokacin wanka, a alwala a shafi bayan kunne da fatarsa ba tare da cusa jiƙaƙƙen yatsa ba, wanka a rafi da su kuma sai likita ya ba da izini. Mai niyyar aikin Hajji ko Umara ya sanar da likita kafin a sa rana, domin ana hana hawa jirgin sama na wasu makonni. Manomi ya fi dacewa ya nemi a sa masa rana bayan girbi, ko da yake lokacin hunturu ne, sai ya kiyayi mura da ƙura.

Kada a ɗiga komai a kunnen sai abin da likita ya rubuta. Man ja, ruwan ganye da turare na kai ƙwayoyin cuta ciki, wasu magungunan ɗigawa na kemis masu ɗauke da jentamaisin ko niyomaisin kuma na iya cutar da kunnen ciki idan dodon kunne a buɗe yake.

Ji ba ya dawowa ranar aiki, domin ɗakin cike yake da jini da wani soso mai narkewa da likita ya tallafi madadin da shi. Ana yin gwajin ji na farko bayan mako 6 zuwa 12. Jiri mai tsanani, ɗaukewar ji kwatsam, karkacewar baki, kumburi a bayan kunne, zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani ko sanƙarewar wuya alamomi ne na a nufi asibiti mafi kusa a ranar, ba tare da jiran ranar da aka rubuta a kati ba. Wanda aka cire wa kolestiyatoma zai ci gaba da zuwa dubawa aƙalla shekara biyar, wanda kuma aka buɗe masa ramin ƙashin bayan kunne zai riƙa zuwa a share masa shi sau ɗaya ko biyu a shekara har tsawon rayuwarsa.